Mai Rakiya Ta Ajiye Baƙar Riga

Ƙarfe shida da rabi take buɗe tagar ɗakin girki. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama addu'arta a tsaye, hannu ɗaya a kan murfin buta, ɗayan yana murza gwiwar da ta daɗe tana ba ta wahala. Mijinta, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana zaune a bakin ƙofa yana goge mata takalma. Ba ta taɓa sa shi ba. Shi ne yake cewa tun da ya auri macen da takalminta ba ya wuce wata uku, ya gane ko dai ya koyi gugar takalmi ko ya koyi yin shiru, kuma shirun ya fi masa wuya.

Daga nan sai ta ninke baƙar rigarta ta lauyoyi ta sa a jaka, ta fita ta hau bas, ta nemi kujerar gefen taga. Masu shiga bas ɗin sun san ba ta yin hira da safe. Idonta yana kan titi, amma kana gani ka san ba titin take kallo ba. Wata rana wata mai sayar da lemo ta tambaye ta tunanin me take yi haka, ta ce wani dogon baranda take gani, ƙofofinsa duk a buɗe, tana leƙa ɗaki bayan ɗaki ba ta samu kowa yana jira ba. Ta ce ba ta san ko akwai irin wurin a duniya ba, amma kullum da safe sai ta ɗan zaga shi kafin bas ya tsaya.

Lauya ce a ofishin da ke kare waɗanda ba su da mai tsaya musu, shekara talatin da ɗaya. Sunan da aka rubuta a ƙofar ofishinta rana ta cinye shi, ba wanda ya damu ya sabunta, don daga kotu har gidan yari Mai Rakiya kowa ke kiranta.

Kotun da take aiki tsohon gini ne mai dogayen tagogi. Da safe haske yana saukowa daga sama ya kwanta a kan bencin masu jira, fanka tana juyawa a hankali kamar mai nazarin wani abu, tattabaru suna gurnani a cikin rufi. Sai ta bi bencin nan tana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayar kowa inda yake ibada, sai dai tun yaushe ɗan'uwansa yake tsare, da kuma ko ya karya.

Yawancin lauyoyi aikinsu yana ƙarewa ne a lokacin da alƙali ya ce an sallami wanda ake ƙara. Lauya ya rusuna, ya tattara takardunsa, ya gaisa da dangin mutumin, ya wuce wata kotun. Ita kuwa a nan nata yake somawa. Maganar alƙali ba ta buɗe ƙofa sai an buga ta a takarda, ya sa hannu, an danna hatimi, wani ya ɗauka ya kai gidan yari, can ma an rubuta a babban littafi. Tsakanin bakin alƙali da ƙofar nan akwai tebura biyar, kuma kowane tebur yana da aljihun da takarda za ta iya kwanciya a ciki ta yi barcin wata da watanni. Mai Rakiya tana bin takardar daga tebur zuwa tebur da ƙafarta, ta kai ta da hannunta, ta tsaya a fito da mutum, sannan ta raka shi har ƙofar gidansu.

Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Zama take yi. Ta ja kujera gaban teburinka, ta ɗora jaka a cinya, ta tambaye ka lafiyar yara, sannan ta yi shiru tana kallonka da fara'a. Magatakardan rajista, wanda ake kira Sai Gobe don amsarsa ke nan ga kowa, ya rantse cewa gara masa a zage shi da wannan zaman. Ni da ko minti goma ban iya yi a wuri ɗaya, abin da ya raba ni da aji ma ke nan, na daɗe ina mamakin inda mutum zai samo irin wannan haƙurin. Sai da mijinta ya ba da labarin asalinsa.

Tana da shekara biyu da fara aiki aka ba ta shari'ar wani mai gadi da aka ce da saninsa aka fasa shagon da yake tsaro. Ta yi wata huɗu tana fama, ta kuwa yi nasara, nasararta ta farko. Alƙali ya yi magana da harshen kotu, wanda mai gadin ba ya ji, ya ce ba shi da laifi. Murna ta kwashe ta. Ta fita da gudu ta nemi waya ta sanar da mahaifinta, abokan aiki suka kewaye ta suna taya ta farin ciki, ta rubuta a bayan fayil cewa an gama, ta ajiye. A lokacin kuwa an mayar da mai gadin cikin motar gidan yari kamar kullum, don ƙa'ida ita ce sai takarda ta bi shi.

Bayan wata bakwai, wata ranar Lahadi da rana, ta bi matan cocinsu kai wa fursunoni sabulu da burodi. Tana tafe da kwali a hannu tana bin layin mutanen da ke zaune a ƙasa, sai wani ya miƙe ya cire hularsa da ladabi.

"Lauya, sannu da zuwa. Yaushe za a sake kiran shari'ar tamu?"

Kwalin ya suɓuce mata, sabulai suka watse. Fasto ya ɗauka zafi ne ya buge ta, ya shiga neman ruwa. Ranar Litinin ta samo takardar a tiren wani masinja da aka canza wa wurin aiki, har da zoben kofin shayi a kanta. Da ta yi wa mai gadin bayani tana kuka, bai yi fushi ba, ya ce ba komai, ai ga shi ta zo. Ta sha faɗa wa sababbin lauyoyin ofis cewa da ya tsine mata a ranar, da ta fi samun sauƙi. Mijinta ya ce shekara guda ta yi tana tsayawa cikin mawaƙan coci bakinta a rufe.

Mai Rakiya, ke ce kika ɗauki kuskurenki kika ƙi binne shi. Da wani ne, da ya ce laifin masinja ne, kuma da gaskiyarsa. Ke kika ce mutumin a hannunki aka ba ki shi, don haka a hannunki ya ɓace. Tun daga ranar ba ki sake rubuta an gama a bayan fayil ba sai kin ga ƙafar mai shi ta ƙetare dokin ƙofarsa.

Gandiroban da ke bakin babbar ƙofa, wani mai tsawo da ake kira Dogo, ya ce a shekarunsa na aiki ya ga ta zo da zazzaɓi, ya ga ta zo da tsohon ciki, ya ga ta zo kwana uku da binne mahaifinta. Ya ce akwai wani dattijo da aka saka bayan shekara shida, ya fito ya tsaya a bakin titi ya kasa ƙetarawa, motoci sun yi masa yawa. Ta riƙe masa hannu suka tsaya tare kusan rabin awa, har ya ɗaga ƙafa da kansa. Wata kuma da aka saka ta tarar dangi sun tashi daga gidan da ta sani, Mai Rakiya ta bi unguwa tana tambaya shago shago har aka gano inda yayarta ta koma.

Juma'ar da ta wuce ita ce ranarta ta ƙarshe a aiki, kuma fayil ɗaya ya rage mata. Wani mai walda ne. An kawo masa injin wuta ya gyara masa ƙafafu, ashe na sata ne, aka kwashe shi tare da injin. Shekara biyu da wata uku yana tsare, mai ƙara bai taɓa zuwa kotu ba. 'Yarsa ma yana ciki aka haife ta. Ranar kuma ita ce ta ƙarshe kafin kotu ta tafi hutun mako takwas, kuma gidan yari ba ya karɓar takarda bayan ƙarfe huɗu. In takardar ba ta shiga a ranar ba, mai walda zai ƙara wata biyu a ciki ba da laifin komai ba, kuma babu Mai Rakiya a ofis da za ta tuna da shi.

Abokan aikinta kuwa sun shirya mata walimar ban kwana ƙarfe biyu a zauren ofis. An gayyaci ma'aikatan kotu da matan coci, fasto ya rubuta jawabi, mijinta ya fito da kwat ɗin da ya yi shekara goma a rataye.

Sha ɗaya da rabi alƙali ya sallami mai walda. Wannan karon ita da kanta ta matsa kusa ta faɗa masa da harshen da yake ji, ta ce ya koma motar gidan yari ya jira ta, tana tafe. Ta hau sama wajen mai buga takardu, sai ta tarar an ɗauke wuta, injin wutar kotu kuma babu mai. Matar ta buɗe hannuwa ta ce ita kam ba ta da dabara. Mai Rakiya ta ɗaga kai ta hango tsohuwar tafireta a saman kabad, wadda rabon da a taɓa ta tun kafin wasu ma'aikatan su gama firamare. Aka sauko da ita, aka hure ta, Mai Rakiya ta zauna da kanta tana dannawa da yatsa biyu. Takarda ta farko ta lalace, ta biyu zaren tawada ya tsinke. Sai ta uku ta fito, baƙaƙen duk sun yi fari fari kamar an rubuta su cikin hazo, amma ana karantawa.

Biyu saura kwata ta isa ofishin alƙali, ƙofa a kulle. Ta leƙa ta taga ta hango direbansa yana loda akwatuna. Ta sauko matattakala tana dafa ƙarfe, gwiwar tana ƙara, ta je ta tsaya a gefen motar da takarda a hannu. Alƙalin matashi ne, ya taɓa zama a bayanta a kotu yana koyon aiki. Ya dube ta ya girgiza kai, ya ce Mama ko yau ma ba za ta bar mutane su huta ba. Ta ce ai hutun take nema wa wani. Ya karanta, ya ɗora takardar a kan murfin mota ya sa hannu.

Saura hatimi. Ta koma rajista ta tarar ƙofa a buɗe, fanka a tsaye, kujeru babu kowa, aljihun teburin Sai Gobe a garƙame. Wata mai shara ce kaɗai a wurin tana jingine da tsintsiya.

"Ina mutanen ofishin nan?"

"Mama, ai duk sun tafi walimarki. An ce har da kek."

Mai sharar ta ce Mai Rakiya ta zauna a benci ta yi ta dariya har da share ido. Sannan ta duba agogo, ta miƙe.

Waɗanda suke zauren sun ce tana shigowa kowa ya tashi tsaye ana tafi, matan coci suka ɗauki waƙa, fasto ya gyara tabarau ya buɗe takardar jawabinsa. Ta ratsa tsakiyarsu tana ɗaga hannu tana murmushi, ta wuce kujerar da aka ƙawata mata, ta tsaya a kan Sai Gobe, wanda ya cika faranti yana shirin kai cokali na farko.

"Ɗana, ajiye cokalin nan. Hatimi nake so."

Ya dubi farantin, ya dube ta. Ya buɗe baki zai ba da amsarsa ta kullum, sai ya ga zaure guda yana kallonsa, ya haɗiye ta. Ya ce doka ba ta yarda wani ya danna hatimin ba sai shi. Ta ce ta sani, shi ya sa ba makulli ta zo ɗauka ba, shi ta zo ɗauka. Ya bi ta a baya yana waiwayen farantinsa. Fasto ya tsaya da takarda a hannu bai san abin yi ba, sai mijinta ya miƙe ya ce kowa ya ci abincinsa tun da zafi, shi shekara talatin ke nan yana cin nasa da sanyi, kuma ga shi bai mutu ba.

Uku da kwata aka danna hatimi. Tana fitowa hadari ya sauko. Ta sa takardar a leda ta cusa a ƙirji, ta tari tasi. A kwanar kasuwa ruwa ya cika hanya, motoci suka cunkushe, babu gaba babu baya. Huɗu saura ashirin ta buɗe ƙofar tasin ta sauka, direba yana ce mata Mama wannan ruwan ba na tsofaffi ba ne.

Hanyar ta san ta kamar tsakar gidanta, amma a ranar sai ta ga ta canza. Ruwa ya rufe gaba, shaguna suka zama inuwa, ƙarar motoci ta yi nisa kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Ta faɗa wa mijinta daga baya cewa sai ta ji kamar ba ita kaɗai take tafiya ba. Duk waɗanda ta taɓa rakawa suna gefenta, kowa da ledar kayansa, dattijon da ya ji tsoron titi, da matar da ta rasa gida, da wasu da ta manta sunayensu amma ba ta manta yadda suka lumshe ido da suka ga hasken waje ba. Suna dai tafe da ita a hankali, daidai da gwiwarta, har ta ga doguwar katanga ta fito daga cikin ruwan.

Agogon bangon da ke bakin ƙofa ya nuna huɗu da minti uku. Dogo ya dube shi, ya dubi matar da ke tsaye ruwa na zuba daga gashinta, sannan ya dubi na hannunsa. Ya ce agogon bangon nan tun da aka kawo shi gaggawa gare shi, nasa ya ce da saura minti biyu, kuma da nasa yake aiki. Ya buɗe ƙaramar ƙofa.

A ciki jami'in da ke riƙe da babban littafi ya riga ya rufe shi, har ya sa hula. Ya ce an tashi. Ta ce to. Ta ja kujera, ta ɗora jiƙaƙƙiyar jakarta a cinya, ta tambaye shi jikin mahaifiyarsa da aka yi wa aikin ido. Ruwan rigarta yana ɗiga a siminti, ɗis, ɗis, ba abin da ake ji sai shi. Mutumin ya yi tsaki a hankali, ya cire hular, ya buɗe littafin.

Wajen biyar aka fito da mai walda. Ruwa ya tsaya, sararin sama ya yi wani irin ja ja, ƙasa tana ƙamshi. Matarsa tana can tsallaken titi a rumfar mai faci, inda ta fake tun rana, da yarinya a kafaɗa. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsu kafin ya iya ɗaga ƙafa. A cikin tasin da ya kai su gida, yarinyar tana ta leƙensa ta bayan wuyan uwarta, in ya dube ta ta ɓoye fuska.

Da suka isa ya roƙi Mai Rakiya ta shiga ko ruwa ta sha, mahaifiyarsa ma ta fito tana riƙe mata hannu tana sa albarka.

"Ni nan ce iyakata. Kai dai shiga in gani."

Ya ƙetare dokin ƙofa da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Ya durƙusa a tsakar gida, yarinyar ta matso a hankali ta kama masa kunne tana dubawa kamar wani sabon abu. Mai Rakiya ta ciro fayil, ta jingina shi da bango, ta rubuta an gama.

Da ta koma zauren ofis an tattara kujeru. Mijinta kaɗai ta samu cikin kwat ɗinsa, da yankan kek a rufe da faranti, da jawabin fasto a ninke. Ya zaunar da ita, ya ce tun da an wahala an rubuta sai ta ji shi. Ya miƙe tsaye ya karanta mata daga farko har ƙarshe, yana kwaikwayon muryar fasto, tana cin kek tana gyara masa inda aka yi ƙari.

Mama Mai Rakiya, ba a taɓa sa hotonki a jarida ba, manyan shari'un da ake hira a kansu ba ke kika yi su ba. Ke ce dai mai kai takarda, mai tsayawa a buɗe ƙofa. A gidaje da yawa na garin nan akwai mutumin da ke zaune cikin iyalinsa yau don kin ƙi komawa gida da wuri, wasunsu ba su ma san sunanki na gaskiya ba. A madadinsu muna cewa mun gode. Ubangijin da kike yi wa addu'a a tsaye kowace safiya ya hutar da gwiwar nan, ya ba ki tsawon rai ke da mai karanta miki jawabi.

Ku kuma lauyoyi masu tasowa, da ma duk wanda aikinsa ke ƙarewa a kan takarda, likita ne ko malami ko ma'aikacin ofis, in kun sa hannu kun ajiye biro, ku tashi ku bi takardar ku ga inda ta sauka. Akwai mutum a ƙarshenta, yana zaune yana jira, kuma mai yiwuwa bai san an gama ba.

Ranar Litinin aka garƙame kotu, sai bayan mako takwas. A safiyar nan mai walda ya buɗe shagonsa, ya share yanar gizo, ya jona wuta.